Albasar Sulhu

Ofishin lauyoyin da na yi aiki a Birnin Kebbi a saman bene yake, ƙasansa kuma shagon wani mai sayar da injinan ban ruwa. Babu manomin da zai sayi inji bai sa an tayar masa da shi ya ji kukansa ba, saboda haka rabin shawarar da muka ba mutane a shekarun nan da ihu muka ba su. Mai ofishin kowa Oga yake ce masa, har matarsa idan ta bugo waya. Mai bi masa a girma wani Bagobiri ne. Sai ni, da nake zuwa daga Gwadangaji a keke napep, rigata ta lauya a cikin leda don kada ta sha ƙura. Ƙaramarmu kuwa Bayarabiya ce, kuma a kanta abin da zan faɗa ya faru.

Na ce Bayarabiya ne don haka ake ce mata, amma a unguwar Badariya ta nan Birnin Kebbi aka haife ta, uwarta na sayar da kwanuka da robobi a kasuwa. Idan tana magana a waya da Kabancinta, wato Hausar Kebbi, ba ka cewa ta taɓa jin wani harshe. Garin kakanninta sai da biki take zuwa, can ma Bahaushiya suke ce mata. Tana da naci irin mai ba mutum haushi. Takardar da ni zan karanta sau ɗaya in ce na gane, ita sai ta kwana da ita ta tashi da ita.

Bagobiri kuwa Allah ya yi masa murya da tsayuwa. Idan ya miƙe a kotu ya gyara baƙar rigarsa, har wanda ake ƙara sai ya ji sha'awar a ce lauyansa ne. Karatun fayil ne dai ba ya shiri da shi. Kuma ba mugu ba ne, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, sai mu taru mu tsane shi mu huta.

Ranar da ta fara aiki, yana ganinta ya juya wajen Oga.

"Oga, ashe ka sawo mani baiwa ba ka hwaɗa mani ba?"

Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce, "Baiwar wa? Kai da anka yi ma zane ga huska don kada ka ɓace ma iyayen gidanka cikin kasuwa?"

Muka yi dariya har mai inji ya leƙo ya ga ko lafiya. Wasa ne tsakanin Gobirawa da Yarabawa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Sun daɗe a haka, kullum da safe sai sun yi, kuma gaskiya wasan nan yana rage mana zafin ofis fiye da fankar da ke sama.

Sai wata shari'a ta zo daga Gulma. Ambaliya ta share iyakar gonakin shinkafa a fadama, ruwa na janyewa wani mai hali ya shigo da ma'aikata ya dasa har cikin gonar wasu 'yan gida ɗaya. Dattijon gidan ya kawo ƙara. Bagobiri ya duba takalminsa, ya duba dattijon da taɓo ya bushe masa har gwiwa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ni ma ban yi gaggawar miƙa hannu ba. Oga ya tura wa Bayarabiya fayil ɗin, kuma a gabana ya ce mata, "Ki yi aikinta tun daga tushe, ke za ki tashi ga kotun Argungu."

Wanda ba lauya ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A sana'armu, ko ka rubuta takarda mai sa alƙali kuka, in ba kai ka miƙe ka yi magana ba, ba a san da kai ba. Mutanen da ke zaune a bencin baya, su ne masu komawa gari su ce wane ya iya. Ita kuwa ta daɗe tana ɗaukar wa manya fayil, tana zama a bayansu, tana miƙa musu takarda idan sun kakare. Wannan ce shari'a ta farko da za ta riƙe da kanta daga fari har ƙarshe. Na ga yadda ta rungume fayil ɗin nan ta fita da shi.

Ta yi ta zirga-zirgar Gulma. Ta shiga ruwa da masu gonar har ƙugu, ta zauna da tsofaffi suna nuna mata inda iccen kaza yake kafin ruwa ya cinye shi, ta lallaɓo shaidun da ke tsoron mai hali har suka yarda za su zo. Ta dawo da zazzaɓi ta warke ta koma.

Ana cikin haka mutanen Gulma suka zo ofis. Bagobiri na zaune a bayan teburinsa, ita tana tsaye da takardu a hannu. Ya gaishe su da muryar nan tasa, ya nuna ta da biro.

"Baba, ina hwatar baiwata tana yi muku aiki yadda ya kamata? In ta yi ƙyuya ku hwaɗa mani, ni ka aika ta."

Dattijo ya yi dariya, don ya san wasan, ba yaro ba ne. Ita ma ta rama, ta ce bawan da ya samu kujera sai a yi haƙuri da shi. Amma ni da ke gefe na ga abin da ya faru. Daga wannan lokaci, duk tambayar da dattijon zai yi, fuskar Bagobiri yake kallo. Ita ce ke ba da amsa, shi ake yi wa godiya. Mutum na iya sanin magana wasa ce, amma idonsa yana ganin wa ke zaune wa ke tsaye.

Bayan kwanaki Bagobiri ya fara cewa zai raka ta Argungu. Kalmar rakiya tana da daɗin ji, sai dai a kotu akwai al'ada. Idan lauyoyi biyu suka zo wa ɓangare ɗaya, wanda ya riga shiga sana'a shi ke miƙewa, ƙaramin ya zauna a gefe, sai fa in babban ya ga dama ya ba shi. Ta san wannan, ya san wannan. Ta same shi ta yi masa magana, ya ce, "Baiwa da shari'a? Abin baiwa ai na ubangidanta na." Ta rasa ta inda za ta kama shi. In ta yi dariya ya tafi da shari'ar, in ta ɓata rai a ce ba ta san wasa ba. Sai ta kai ƙara wurin Oga.

Rashin sa'arta, a makon nan Oga ya dawo daga wata bita a Abuja kan yadda ake warware saɓani a wurin aiki. An ba shi takardar shaida, ya sa an yi mata gilashi, ya cire kalanda ya rataye ta. Tun da ya dawo yake zagaya ofis yana leƙen fuskokinmu ko zai samu masu gaba da juna, mu kuwa muna zaune lafiya, abin yana damunsa. Tana shiga da maganarta fuskarsa ta washe. Bai bari ta ƙarasa ba ya ce kada ta damu, ranar Alhamis za a yi zaman sulhu.

Ranar Alhamis aka ture tebura aka jera kujeru a da'ira, don Oga ya ce a zaman sulhu babu babba babu yaro. Shi dai kujerarsa mai juyawa aka gangaro masa, mu muka zauna a na roba. Ya ce a wurin bita akwai ɗan ƙwallo da ake miƙawa, wanda ke riƙe da shi shi kaɗai ke da bakin magana. Nasa ƙwallon ya manta shi a masauki. A kusurwar ofis akwai buhun albasa da wani ya kawo mana kyauta, sai ya zaɓo babba ja guda, ya goge ta da hannun riga, ya ce ita ce za ta tsaya a madadinsa.

Na tambaya wa zai fara riƙewa. Oga ya dube ni kamar na tambayi ina gabas take. Lauyoyi ne mu, ai bisa girma za a bi.

Oga ya riƙe albasa ya ba mu labarin bita, da abin da Baturiyar da ta koyar ta ce, da abin da shi ya ce mata har aka tafa masa, da irin abincin da aka ci. Ya miƙa wa Bagobiri. Bagobiri ya tashi tsaye, ko da yake ba a ce a tashi ba, ya kare kansa daga tuhumar da ba a riga an karanta ba, ya kawo tarihin Gobir da Yarabawa, ya nemi a kori ƙarar. Ni na karɓa na miƙa wa Bayarabiya nan take. Albasa na shiga hannunta ladan ya kira azahar. Oga ya ce alhamdu lillahi an samu ci gaba, amma ba a tashi zaman sulhu sai an yafi juna, kuma ƙarami ke fara neman gafara. Haka ta nemi gafarar mutumin da ke shirin ɗauke mata shari'a. Ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Aka shafa fatiha.

Alhamis ta gaba Oga ya zo da sabuwar doka. Ba a cewa mutum ka yi kaza, don wannan zargi ne. Sai dai ka faɗi abin da ka ji a ranka. Bagobiri ya karɓi albasa ya dafa ƙirji.

"Na ji ga raina baiwata ta raina ni."

Oga ya yi dariya har kujerarsa ta juya da shi. Wannan karon na lura da agogo, na ƙi cewa komai, albasa ta isa gare ta da sauran lokaci. Ta riƙe ta da hannu biyu ta dubi Oga.

"Oga, ni ban damu da shi ce mani baiwa ba, ni ma ina ce mai bawa. Abu guda nika so. Shari'ar Gulma kai ka ba ni ita. A bar mani ita."

"A'a, ɗiyata, kin karya doka. Abin da kinka ji ga ranki za ki hwaɗi."

"Na ji ga raina ina son shari'ata."

"Wanga ba ji na ba, buƙata ta. Sake lale."

Nan jinina ya hau. Na ce, "Oga, don Allah a bar zagaye-zagaye. Ranar shari'a, wa za shi tashi gaban alƙali? Ita ko shi?"

Oga ya ɗaga mini yatsa ya ce albasa ba ta hannuna. Na miƙe na je buhu na ɗauko wata na ce ga tawa. Ya ce wannan albasar miya ce, ba ta sulhu ba. Sannan ya gyara zama ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mai taurin kai, cewa maganar wa zai tashi maganar aiki ce, mu kuwa a nan zukata muke gyarawa, idan zukata suka gyaru aiki zai gyara kansa. Aka sa ta nemi gafarar Bagobiri, ni kuma aka sa na nemi gafarar Oga. Ya aika aka sayo balangu.

Abin da ya sa nake jin takaici, wannan Ogan na sha ganin ya raba 'yan'uwan da suka zo da niyyar kashe juna kan gado. Yakan tambaye su abu ɗaya, me kuke jayayya a kai, ya sa a je a auna, ya ce wannan naka wannan nasa, kowa ya tafi yana gunaguni amma an gama. A cikin ofishinsa kuwa jimla ɗaya ta gagare shi. Wato ya ce da Bagobiri zauna, na riga na ba ta. Ba ya son ɓata wa Bagobiri, don shi ke jawo manyan mutane. Ba ya son a ce ya danne yarinya, don yana son a ce shi uba ne. Sai ya samu albasa ya ɓuya a bayanta.

Na tare Bagobiri ni da shi a gindin dogon yaro a harabar kotu, na ce ya ji tsoron Allah ya bar mata abinta. Ya buɗe ido da mamaki na gaskiya.

"Kai ma? Wasa na hwa. Kuma taimakonta za ni yi, alƙalin can ba shi da haƙuri da yara. In ta kakare gonar mutane ta tahi."

Ya yarda da abin da yake faɗa, har cikin zuciyarsa. Na ce masa shi ma ai wata rana aka bar shi ya fara. Ya ce lokacinsu daban ne.

Ranar shari'a na bi su, don ina da wata 'yar ƙara a can. A motarsa muka tafi, ni a gaba, ita a baya da fayil a cinya. Tun da muka bar gari yake jefo mata tambayoyi ta madubi. Shaidan farko me zai ce? Wancan iccen a gabas yake ko a arewa? Ina lauyan mai hali zai fi matsawa? Na juya na harare ta don ta yi shiru. Ta kalle ni, ta kalli shinkafar da ke shimfiɗe a gefen hanya, ta ci gaba da ba shi amsa dalla-dalla, har da abin da bai tambaya ba. Da muka sauka na ce mata me ya sa. Ta ce, "Gonar ba tawa ta ba, balle in yi fushi da ita."

Duk da haka ta sa rai. Na san ta sa rai, don da magatakarda ya kira ƙarar na ga ta dafa tebur ta fara ɗagowa. Kafin ta miƙe ya riga ya tsaya, rigarsa ta baje, muryarsa ta cika ɗakin. Ya faɗi sunansa, ya ce tare da shi akwai ƙaramar abokiyar aikinsa. Ta rusuna wa alƙali ta koma ta zauna.

Allah ya gafarta mini, na yi fatan ya kwafsa. Bai kwafsa ba. Ya ɗauki aikinta ya sa masa murya, ya yi wa shaidun mai hali tambayoyi har ɗaya ya nemi ruwa. Iccen da bai taɓa gani ba ya kwatanta shi har ka ce a gindinsa aka yi masa kaciya. Aka yi ta zama ana ɗagewa, kowane zama haka, daga ƙarshe alƙali ya mayar wa mutanen Gulma gonarsu. Suka zo ofis da bandar kifi da shinkafa sabuwar sussuka, suka jibge a gaban teburin Bagobiri.

Oga ya kira zama na musamman don a ga amfanin sulhu. Albasar farko ta riga ta tsiro, aka canza wata. Da ta iso hannun Bayarabiya, ta ce ba ta riƙe kowa a ranta ba, ta gode wa Oga, ta gode wa babbanta da ya koya mata aiki. Oga ya kusa hawaye.

Daga ranar ba ta ƙara rama wasa ba. Da safe sai ta tsaya a bakin teburinsa ta ce, "Ranka shi daɗe, an kwana lahiya?" Ya jefo mata baiwa, ta ce, "Na gode, ranka shi daɗe," ta wuce. Ya yi ta tsokana har ya gaji ya bari, ya zo yana tambayata ko wani abu aka yi mata a gida. Ofis ya yi tsit, sai kukan inji daga ƙasa. Oga yakan tsaya a ƙofarsa ya dube mu ya ce, kun ga abin da ilimi ke yi.

Kafin wata damina ta samu aiki a sashen shari'a na wani banki a Kaduna, inda ake duba takardun bashi daga safe zuwa yamma kuma ba a zuwa kotu. Na ce mata ta buɗe nata ofis a nan, ko ɗaki ɗaya ne. Ta ce wa ya san ta? Ta bar garin da aka haife ta, uwarta na kuka a tasha. Oga kuwa har yau idan an gayyace shi yi wa sababbin lauyoyi jawabi, da labarinta yake misali, yadda ma'aikatansa biyu suka samu saɓani ya zaunar da su, suka rabu ba mai jin haushin wani.

Bayan tafiyarta dattijon Gulma ya dawo da wata matsalar, wannan karon kan hanyar ruwa. Ya gaisa da Oga, ya gaisa da Bagobiri, ya waiga kusurwar da take zama.

"Ina baiwar Barista? A haɗa mu da ita, ita ta san hanya cikin ruwa."

Oga ya ce ta samu ci gaba, ta koma Kaduna.

"Ayya. Yarinya mai ladabi, ba ta da hayaniya. Allah shi ba ta ubangida nagari awa wanga," ya nuna Bagobiri.

Oga ya ce amin. Bagobiri ya ce amin. Ni kuwa na juya wajen dattijo.

"Baba, lauya ta cikakka, ba 'yar koyo ba. Shari'arku ita ta yi ta tun daga tushe. Duk abin da kunka ji an hwaɗi gaban alƙali, aikinta na."

Dattijo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "To in ita ta yi, mi ya hana ku bar ta ta tashi?"

Bagobiri ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Oga ya gyara hula ya yi murmushi.

"Baba, wagga magana an riga an yi sulhu kanta."